Maƙalar mako: Sabon katin hoto ya fito, mu daina cinikin biri a sama

 Tun farkon shekarar 2025 babu tambayoyin da suka fi yawo a zauren nan kamar guda biyu: "Wa yake da 5070 a ƙasa?" da kuma "Nawa ne gaskiyarsa?" Katin hoto na kwamfuta, wanda 'yan kasuwa ke kira girafik kad, ya zama abin hira tun daga Kawo har Unguwar Rimi, har waɗanda ba su taɓa kwance murfin kwamfuta ba sun haddace lambobinsa. To yau za mu faɗi ra'ayinmu ba tare da kwana-kwana ba. Bai kamata mutumin Kaduna ya sayi kati a watannin farko na fitowarsa ba, kuma bai kamata ya ba da ko sisi a kan katin da bai gani da idonsa ba. Mun san akwai masu shago a cikinmu, ku yi mana haƙuri ku karanta har ƙarshe, za mu ba ku haƙƙinku.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne abin da ya sami wani ɗan uwa da ke tare da mu a nan, ya kuma yarje mana mu ba da labarin ba tare da ambaton suna ba. Sana'arsa tace bidiyon biki. Yana da RTX 3060 mai giga 12 wanda ya shekara biyu yana ci da shi yana sha da shi. A watan Janairu ya ga sanarwar sababbin katuna, ya ga 5070 Ti a kan dala 749, ya buga lissafi ya ga in ya sayar da nasa ya haɗa da ɗan abin da ya tara zai iya. Wani mai kawo kaya daga Legas ya ce ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, da zarar kaya sun sauka nasa na cikin na farko. Ya sayar da katinsa ya tura kuɗin.

Kowa ya san yadda bukukuwa ke zuwa rututu gab da azumi, kuma a 2025 azumi ya kama farkon Maris. Watan Fabrairu sukutum ɗan uwanmu ba shi da abin aiki. Ya riƙa yawo da aikin mutane yana roƙon abokai su ara masa kwamfuta cikin dare, wasu ayyukan kuma dole ya mayar wa masu su kuɗinsu. Katin bai iso ba sai bayan ƙaramar Sallah. Da ya iso aka ce farashi ya canza, ko ya yi ciko mai nauyi, ko ya jira a sayar wa wani a mayar masa da nasa. Ba mu ce mai kawo kayan macuci ne ba, wataƙila shi ma haka aka yi masa daga sama. Abin da muka sani shi ne an yi cinikin biri a sama, kuma wanda ya fi kowa rauni a cinikin shi ya kwana a ciki.

Bari mu koma inda farashin ya samo asali. Ranar 6 ga Janairu 2025, a taron baje kolin CES a Las Vegas, shugaban kamfanin Nvidia, Jensen Huang, ya sanar da sababbin katuna huɗu: RTX 5090 a kan dala 1,999, da 5080 a kan dala 999, da 5070 Ti a kan dala 749, da 5070 a kan dala 549. Manyan biyun sun shiga kasuwa ranar 30 ga Janairu. Tun kafin ranar kamfanin da kansa ya yi gargaɗi cewa kaya na iya ƙarewa, haka kuwa aka yi. A Amurka mutane sun kwana a layi a ƙofar shagunan Micro Center, a unguwar Akihabara ta birnin Tokyo cunkoso ya kai ga hargitsi, a shafukan sayarwa kuma kaya suka ƙare cikin mintuna. Ba a jima ba 'yan baranda suka dawo da 5090 shafin eBay a kan fiye da ninki biyu. AMD ta fito da nata ranar 6 ga Maris, RX 9070 XT a kan dala 599 da RX 9070 a kan dala 549, kuma kayanta sun fi yawa a ranar farko. Amma su ma wasu shaguna a Turai sun fito fili sun ce wancan farashin na kayan farko ne kawai.

Ku lura da kyau, duk wannan ya faru ne a ƙasashen da kamfanonin ke kai kaya kai tsaye, inda mai saye ke cin albashi da kuɗin da aka rubuta farashin da shi. In a can ma farashin da aka faɗa a kan dandamali bai tabbata ba, ina ga mu da kayan ba sa iso mana sai sun bi ta hannu biyar?

Mutane da yawa na cewa ƙarancin nan makirci ne kawai don a ɗaga farashi. Mu dai muna ganin lissafin kasuwa ya isa ya bayyana shi. A shekarar kuɗinta da ta ƙare a Janairun 2025, Nvidia ta samu kuɗin shiga kimanin dala biliyan 130. Daga ciki, kusan biliyan 115 daga manyan cibiyoyin kwamfuta ne masu aikin ƙirƙirarriyar basira, ɓangaren katunan wasa kuwa bai wuce biliyan 11 da 'yan kai ba. Kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera mata zuciyar katunan, na wasa da na cibiyoyin duka, kuma abin da masana'anta za ta iya fitarwa yana da iyaka. Na cibiyoyin ana sayar da ɗaya a kan dubban daloli masu yawa. Manomin da ke da gona ɗaya, ga citta tana kuɗi ga dawa tana araha, ba sai an gaya masa abin da zai shuka ba. Mu masu sayen kati ɗaya mu ne dawar. Wannan ba zagi ba ne, sanin matsayi ne, domin wanda ya san ba don shi ake kiɗan ba ba zai yaga rigarsa wajen rawa ba.

Yanzu mu dawo gida mu mayar da dalar nan naira. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460. Bayan Babban Banki ya saki canji, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, a 2025 kuma ta daɗe tana kai-kawo tsakanin 1,500 da 1,600. Mu ɗauki 1,500 don sauƙin lissafi. RTX 5090 ya kama kusan naira miliyan 3. 5070 Ti ya haura miliyan 1 da dubu 100. 5070 ya kama dubu 823. Ƙaraminsu da ya fito a watan Mayu, RTX 5060 mai dala 299, ya kama kusan dubu 450. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin jihar Kaduna ta amince da shi a 2024 naira dubu 72 ne. Wato mai wannan albashi sai ya tara kuɗin wata shida bai ci bai sha ba kafin ya sayi ƙaramin, babban kuwa sai ya yi kusan shekara uku da rabi.

Kuma wannan farashin dandamali ne, wanda babu wanda zai same shi a titin Ahmadu Bello. Mai kawo kaya sai ya sayi dala, ya sayi katin a Dubai ko China ko Amurka a kan farashin da ya tarar, ya biya kuɗin jirgi, ya biya kwastam da masu fitar da kaya, ga harajin kashi 7.5 cikin ɗari. Ɗan kasuwar Computer Village a Ikeja ya ɗora ribarsa, a ɗora wa mota zuwa Mando, sannan mai shagon Kaduna ya ɗora kuɗin haya da tasa ribar. Kowane hannu sai ya lasa. A lokacin da kaya ke wadace, lasar kaɗan ce, don in ka tsauwala mai saye zai tsallaka shagon gaba. A watan da kati ya fito kuwa, guda uku ne a garin, masu nema talatin, babu shagon gaba. Gaggawarmu ce ke ba mai kaya damar yanka farashin da ya ga dama.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta a jikin kwali ba, shi ne kuɗin wuta. RTX 5090 yana jan wat 575 shi kaɗai idan ya ɗauki aiki sosai, kuma Nvidia ta ce a haɗa shi da fawa-fak mai wat 1,000. Tun Afrilun 2024 da aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta zuwa wajen 209, kowa ya koyi kallon mita. In katin ya yi awa takwas yana aiki tuƙuru, ya sha yunit 4.6, kusan naira dubu ɗaya a rana, kusan dubu 29 a wata. Ba a sa sauran kwamfutar ba, ba a sa allo ba, ba a sa na'urar sanyaya ɗaki ba, wadda a zafin Maris da Afrilu ba ado ba ce. RTX 4060 kuwa wat 115 yake ja, awa takwas ɗinsa bai kai yunit ɗaya ba. RTX 3060 wat 170 ne, 5060 kuma 145.

Wannan ma in akwai wutar ke nan. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu. A makon nan wa ya ci gaba da aiki? Mai laftof da mai ƙaramin kati da ɗan sola da inbata. Ƙaramin janaretan nan da ake kira "na fi maƙwabcina" ba zai ɗauki kwamfuta mai 5090 ba, babban kuma sai ka ciyar da shi fetur da litarsa ta haura naira 800 a 2025. Duk wanda zai sayi babban kati a Kaduna, ya sani kati biyu yake saye: wanda zai sa a kwamfuta, da wanda zai riƙa loda wa mita.

Sai maganar da ta fi ruɗar matasanmu. A wancan taro na Las Vegas an ce 5070 mai dala 549 zai ba da ƙarfin 4090, katin da ya fito a 2022 a kan dala 1,599. Maganar ta zagaya zauren nan kamar wutar daji. Da katin ya fito a watan Maris masu gwaji masu zaman kansu suka auna, sai aka ga kallon kitse aka yi wa rogo. Ƙarfinsa na zahiri bai kusanci 4090 ba, ɗan fifiko kaɗan ya yi wa 4070 Super. Dabarar ita ce fasahar DLSS 4, wadda a cikin wasa take ƙirƙiro hotuna har uku ta cusa a bayan kowane hoto ɗaya da katin ya zana da gaske, sai motsi ya yi santsi a ido. Ga mai wasa wannan na iya zama abin so. Amma mai tace bidiyo a DaVinci Resolve, ko ɗalibin zanen gine-gine na Kadpoly da ke fitar da aikinsa a Lumion ko Blender, waɗannan hotunan ba sa rage masa ko minti ɗaya na jira. Kuma rumbun 4090 giga 24 ne, na 5070 giga 12.

Maganar rumbu ma tana da tarko. RTX 5060 Ti da ya fito a Afrilu iri biyu ne da suna ɗaya, mai giga 8 a kan dala 379 da mai giga 16 a kan dala 429. RX 9060 XT na AMD shi ma haka, giga 8 da giga 16. In mai talla ya rubuta "5060 Ti sabo dal" bai faɗi giga ba, ku tambaya kafin ku yi murnar araha. Abin mamaki, RTX 3060 da ya fito a 2021 a kan dala 329 yana da giga 12, ya fi 5060 na 2025 rumbu duk da ba ya kai shi gudu. Intel ma ta fitar da Arc B580 mai giga 12 a kan dala 249 a Disamban 2024. Sabon lamba ba shi ne ƙarin alheri ta kowace fuska ba.

Dalili na ƙarshe da ya sa muke cewa a jira shi ne lahani. Kayan farko su ne zakaran gwajin dafi. A Fabrairun 2025 aka gano wasu katunan 5090 da 5080 da 5070 Ti sun fito daga masana'anta da gibi a wani sashe da ake kira ROP. Misali 5070 Ti da ya kamata ya nuna 96 sai ya nuna 88, 5090 da ya kamata ya nuna 176 sai ya nuna 168. Nvidia ta amsa, ta ce abin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na katunan ba, ta ce wanda abin ya shafa ya koma wa kamfanin da ya haɗa katin a canza masa. Haka kuma an sake samun rahotannin narkewar kan wayar wuta a 5090, irin abin da aka gani a 4090 tun 2022. Mutumin Landan zai sa katin a kwali ya aika a canza masa. Mutumin Badarawa fa? Rasit ɗin asali yana hannun wani a Dubai, garantin da ya samu na baki ne, "in ya ba ka matsala cikin sati ɗaya ka dawo". Bayan wata shida masana'anta ta gyara kurakuranta, direbobi sun daidaita, masu gwaji sun tona duk abin da ke ɓoye. Mai haƙuri yana sayen kaya mafi inganci, sau da yawa kuma a kan kuɗi ƙasa da na mai gaggawa.

Mun taɓa ganin irin wannan. A 2021 RTX 3080 mai dala 699 ya yi tashin gwauron zabi har ana sayar da shi ninki biyu da ƙari, saboda annobar korona da masu haƙar kirifto. Ba mainin ɗin danna waya da ya ɗauke hankalin matasanmu a 2024 muke nufi ba, wannan da katunan hoto ake yinsa, ɗaruruwa a ɗaki ɗaya. Ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum ta sauya tsari ta daina buƙatar katunan, farashi ya rikito, katunan hannu suka cika kasuwannin duniya har suka iso mana. Waɗanda suka saya a ƙololuwar tsada ba su ƙara ganin kuɗinsu ba.

Yanzu ga haƙƙin masu ja da mu, domin suna da hujja. Na farko za su ce jira a Najeriya shi ma caca ne. Gaskiya ne. Wanda ya jinkirta saye a Mayun 2023 yana jiran farashi ya sauka ya ci kwakwa, domin dala ta tsere ta bar shi. Amsarmu ita ce ba mu ce ka rungume naira kana jiran tsammani ba. In kana buƙatar abin aiki yau kuma kuɗin na hannunka, ka sayi abin da ke ƙasa, wanda aka daɗe da sanin halinsa, ka gwada ka biya ka koma bakin aiki. Abin da muke hanawa shi ne biyan kuɗin ɗoki, wato rarar da ake ɗora wa kati don kawai jiya ya fito, da kuma ajiye kuɗinka a hannun wani a kan kayan da shi ma bai gani ba. Wanda ya ba da kafin alƙalami ba tare da tsayayyen farashi ba bai tsere wa tashin dala ba, ya dai ba wani jari kyauta.

Na biyu, masu shago za su ce su ma ba son ransu ba ne. Wannan ma gaskiya ne. Mai shago yana sayarwa ne yana kallon kuɗin da zai sayo wani, kuma in dala ta faɗi kaya na kan kanta shi ke ɗaukar asara. Kati ɗaya na iya cinye jarin da zai sayo laftof na hannu guda biyar masu saurin fita, shi ya sa da yawa ba sa ajiyewa sai an yi oda. Ba mu ƙi ribarku ba. Abin da muke roƙo shi ne gaskiya a cikin talla. In kayan ba sa hannunka ka ce ba sa hannunka. Kalmar "akwai" da ake rubutawa alhali katin na Ikeja, ko ma bai bar Dubai ba, ita ce ke ɓata tsakaninmu.

Na uku, akwai waɗanda sabon katin zai yi musu amfani na gaske. Jerin RTX 50 ya zo da iya sarrafa bidiyo mai tsarin launi na 4:2:2 kai tsaye, irin wanda kyamarorin Sony da Canon na zamani ke ɗauka, kuma duk wanda ya taɓa fama da irin wannan bidiyon a tsohon kati ya san yadda yake cijewa. Mai gwajin manhajojin ƙirƙirarriyar basira a kwamfutarsa yana buƙatar rumbu mai faɗi. Mai ofishin zanen gine-gine da ke da kwangila a hannu lokaci a wurinsa kuɗi ne. Waɗannan su saya, amma su fara amsa tambaya ɗaya da alƙalami da takarda: cikin wata nawa katin zai mayar da kuɗinsa? In amsar ta fi shekara, ko kuma babu amsar sai "ai zan samu aiki", to sha'awa ce, ba jari ba. Sha'awa ba laifi ba ce ga mai rara. Ga wanda zai sayar da babur ɗinsa ko ya ci bashi kuwa, kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Mafi yawanmu, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, allon 1080p muke da shi, wasanninmu ƙwallo ne da GTA da Call of Duty, aikinmu bidiyon biki ne da tallan 'yan kasuwa da shirye-shiryen YouTube. Katin tsaka-tsaki ya ishe mu. Ko a ƙididdigar da dandalin Steam ke fitarwa duk wata, wadda ta haɗa masu wasa na duniya, RTX 3060 da 4060 ne suka daɗe a sahun gaba, ba manyan ba. Kati na hannu mai lafiya ba abin kunya ba ne. A dai bincika shi da kyau, domin wasu tsofaffin ma'aikatan haƙar kirifto ne da suka yi shekaru suna aiki dare da rana. A duba fankokinsa, a duba zafinsa, a duba ko an taɓa kwance shi. Bayan an saya kuma a riƙa share masa ƙurar hunturu, don ita ce ke kashe kati a garin nan fiye da tsufa.

Saboda haka ga shawarwarin da muke kawo wa zaure, in kun amince su zama ƙa'ida.

Na ɗaya, duk mai tallan kati ya ɗora hotonsa tare da takarda mai kwanan watan ranar da hannunsa ya rubuta, ya faɗi farashi a fili, ya faɗi giga nawa ne, sabo ne ko na hannu. Tallan "mai so ya biyo ni ta ciki" a daina barinsa.

Na biyu, babu kafin alƙalami sai da rubutu: farashi tsayayye, ranar kawowa, da ranar mayar da kuɗi cif in kaya ba su zo ba, a gaban shaidu biyu. Wanda ya ƙi rubutawa ya riga ya ba ka amsa.

Na uku, a gwada kafin a biya. A sa katin a kwamfuta, a buɗe GPU-Z a tabbatar sunansa da rumbunsa da lambar ROP sun dace, a sa masa FurMark ko wani aiki mai nauyi na rabin awa ana kallon zafi da allo. Muna roƙon waɗanda ke da kwamfutar gwaji a Kawo, Malali, Unguwar Sarki da cikin kasuwa su bayyana kansu, don ɗan uwan da bai san kan abin ba ya samu mai raka shi.

Na huɗu, a rubuta lambar jikin kati da kwanakin garanti a kan rasit.

Na biyar, kada kowa ya sayar da abin da yake neman abinci da shi sai sabon ya shigo hannunsa ya ga yana aiki. Da ɗan uwanmu ya bi wannan kaɗai, da bai rasa kakar bikin 2025 ba.

Na shida, mu buɗe wuri guda duk farkon wata inda kowa zai rubuta abin da ya biya da gaske, ba abin da aka yi masa talla ba, ba tare da kiran sunan shago ba. Mai kaya ya san farashin Legas da na Dubai, mai saye bai san komai ba sai abin da aka gaya masa. In muka haɗa abin da muka sani, wannan gibin zai ragu, masu shagon kirki ma za su huta da zargi.

Ba mu da iko da abin da TSMC za ta ƙera, ba mu da iko da canjin dala, ba mu da iko da layin Shiroro. Abin da ke hannunmu shi ne lokacin da za mu ciro kuɗi daga aljihu da sharaɗin da za mu ciro su a kai. Kati ba ya ruɓewa, wanda ya fito a Janairu yana nan a Disamba, kuma wani zai fito bayansa a sake irin wannan ɗokin. Ɗan uwan da muka ba da labarinsa a ƙarshe karɓar kuɗinsa ya yi bayan jira, ya sayi 3060 na hannu, irin wanda ya sayar, a kan kuɗin da ya fi wanda ya sayar da nasa.

Muna son jin ta bakinku a ƙasa. Masu shago, wace ƙa'ida ce a cikin shidan nan za ta yi muku nauyi, kuma me ya sa? Waɗanda suka sayi jerin 50 ko 9070, nawa kuka biya, kuma me ya canza a aikinku? A yi muhawara cikin mutunci, ban da kiran suna. Sai mako mai zuwa in muna da rabon ganawa.